Bin Sawun Tumatir Daga Kwanar Gafan Zuwa Ikko

Gardama ce ta jawo mini wannan tafiya. Wata Juma'a na raka kawuna kasuwar kayan gwari, muna shiga takalmina ya nutse cikin wani baƙin taɓo mai ɗoyi, sai baki ya suɓuce mini na ce 'yan gwari dai ba sa rabo da ƙazanta. Na manta da wanda nake tare. Kawu ya fi shekara talatin yana safarar tumatir da tattasai zuwa Kudu, da kuɗin gwarin nan aka biya rabin karatuna. Bai tanka ba sai da muka koma gida ya sha ruwa.

"Ɗan nan, kai a miya kawai ka san tumatir," in ji shi. "Ran Litinin ina da kaya zuwa Ikko, yaron da ke raka mini kuma matarsa ta haihu. Bi kayan. In ka dawo sai mu ƙarasa zancen ƙazanta."

Na nemi izinin mako guda a wurin aiki, aka ba ni. Ran Litinin ɗin, wajen tsakiyar Sha'aban, cikin Fabrairun 2025, hantsi ya same ni a Kwanar Gafan. Kasuwar rani ce a bakin titin Kano zuwa Zariya, a ƙasar Garun Malam. Tana ci muddin ruwan dam ɗin Tiga na bin magudanan Kadawa yana shayar da gonakin Kura da Bunkure, da damina ta kankama sai kowa ya kama gabansa. Lokacin kakar tumatir ne, duk inda ka waiwaya ja ne. Kawu ya sayi kwando 60 a kan naira dubu 10 kowanne, kuɗin mota dubu 6 a kan kwando. Ya tuna mini cewa a Mayun 2024 irin wannan kwandon ya haura dubu 100 a Legas, har wasu matan gida suka koma haɗa miya da karas da kokwamba. Ya ce gwari caca ce ta halal.

Da idon neman ƙazanta na zo, amma ban sami abin kirki ba. Duk tumatir ɗin da aka tsince aka ware, kafin ya taɓa ƙasa akwai mai jiransa. Mata da yara na zaune da wuƙaƙe suna tsaga shi biyu suna shanyawa, ya zama kauɗa, a ɓoye sai damina in danye ya yi tsada. Wanda ya wuce kauɗa na awaki ne. Wanda awaki suka ƙi, rana da iskar hunturu su busar da shi ya koma ƙasa. Leda ce kaɗai ba ta da mai ita, tana ta yawo tana maƙalewa a ƙaya.

Kwandon ne ya tsaya mini a rai. Daga Kudu ake kawo shi, cikinsa duk tsinkaye masu soke tumatir. A cika shi har ya yi tozo, a rufe bakin da takarda, a ɗaure, a shafa fentin alamar mai shi, sannan a jera wani kan wani da sanduna a tsakani. Na ƙasa shi ke ɗaukar nauyin kowa, kamar babban ɗa a gidan talaka. Ba nisa da wurin akwai masana'antar tumatir ta Ɗangote a Kadawa, wadda aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Tun daga lokacin kwanakin da ta yi a rufe sun fi waɗanda ta yi tana aiki. Shi ya sa har yau tumatir ɗinmu ɗanye yake yin tafiyar kusan kilomita 1,000, alhali fiye da kashi 90 cikin 100 na jikinsa ruwa ne. Wato ruwan Tiga muke biya wa kuɗin mota zuwa bakin teku.

Bayan la'asar muka ɗaga. Direbanmu mutumin Funtuwa ne, furfura a gemu, goro a kunci, ba ya kunna komai a mota sai wa'azi da labarai. Ya ce da dare ake gudu da gwari, rana ce abokiyar gabarsa. Titin Kano zuwa Kaduna yanzu sumul yake, tirelar tana tafiya kamar a kan tabarma. Mun yi isha'i a Mararrabar Jos, na ci tuwon shinkafa da miyar taushe da nama yanka biyu a kan naira 1,500. Daga Kaduna kuwa hira ta ɗauke. Motoci suka haɗu jerin gwano, ga ramuka, ga tsoron daji, kowa na karanta abin da ya sawwaƙa a zuci.

A Tafa muka rintsa na awa biyu. Da asuba na shiga gidan wanka, bayan gida naira 100, wanka da bokitin ruwan ɗumi 200. In akwai abin da Bahaushe ya iya a sha'anin tsaftar kasuwa da tasha, to gidan wanka na kuɗi ne. Tun kafin gwamnatin tarayya ta yi shelar yaƙi da bahaya a fili a 2019, tun kafin a ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jihar farko da ta rabu da shi, 'yan kasuwa ne ke haƙa rijiya su jera ɗakuna su ajiye yaro a bakin ƙofa da butoci da ƙullin omo. Wanda na shiga tsaf yake, yaron na kwara ruwa bayan fitar kowa. Ba don tsoron hukuma ba, akwai wani gidan wankan a tsallaken titi, in nasa ya yi wari ciniki can zai koma.

Gari na wayewa muka kai mararrabar Dikko, inda tankar mai ta kama da wuta ranar 18 ga Janairu ta hallaka fiye da mutum 80. Ƙasar wurin har lokacin baƙa ce. Direba ya rage gudu, muka yi musu addu'a, muka karya dama zuwa Lambata.

Wanda bai bi hanyar Lambata zuwa Lapai zuwa Agaie zuwa Bida ba, bai san abin da kayan miyarsa ke sha ba. Kwalta ta zama tarihi a wurare da yawa, mota na tangaɗi hagu da dama, duk ramin da ta faɗa sai in ji kamar cikina ne kwandon. Wajen ƙarfe goma muka tarar da wata tirela ta kwanta ta tare hanya. Awa biyar muka yi a nan, cikin tsakar rana. Mutanen ƙauyen Nufawa ne, kuma sun saba da irin wannan baƙunci na dole. Kafin ka ce kwabo kasuwa ta kafu, ga dafaffiyar doya, ga ƙuli-ƙuli, ga kifi banda. Wata tsohuwa ta aiko jikanta da bokitin ruwa don alwala, na miƙa masa kuɗi, ta ɗaga hannu daga nesa ta girgiza kai. Mun yi azahar a masallacinsu na laka, liman ya matsa wa direbanmu sai ya ja sallah, wai baƙo ne kuma ya girme shi.

Da muka dawo gun mota sai yaron mota ya ja ni baya ya nuna mini ƙarƙashinta. Wani jan ruwa ne ke ɗiga ta tsakanin katakai, ɗis, ɗis, har ya yi ɗan kududdufi, ƙudaje sun fara taruwa.

"Malam, ka ga kuɗin kawunka nan suna zuba," in ji shi.

Nan na fara fahimtar inda baƙin taɓon da ya ɓata mini takalmi yake samo asali. Masana kan ce kusan kashi 40 cikin 100 na tumatir ɗin da ake nomawa a Najeriya ba ya kaiwa tukunya. A takarda lamba ce kawai, a gefen hanyar Agaie kuwa har wari take yi.

Shingayen hanya ba zan ɓata muku lokaci da su ba. Akwai masu kaki, akwai masu sanda mai ƙusa, akwai masu rasit, akwai waɗanda ko rasit ɗin ba su da shi. Yaron mota na da aljihu guda musamman dominsu, kafin mu kai Ikko ya zama fanko. Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne tsayuwar, don kowane minti goma a rana wani layin tumatir ne ke mutuwa.

Mun wuce Bida da yamma, Kutigi da magariba, muka sha shayi a Mokwa cikin dare. Wata uku da rabi bayan nan, ƙarshen Mayu, ambaliya ta share unguwanni a garin, har da Unguwar Hausawa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gadar Jebba a cikin duhu muka haye ta, ban ga kogin Kwara ba sai dai sanyinsa da na ji. Hantsin Laraba muna Ogbomosho. A nan na ci amala da miyar ewedu, wato lalo ɗinmu ne aka kaɗa, da miyar wake da suke kira gbegiri, naira 2,000 da naman akuya. Mai abincin ta ga ina jujjuya baƙin tuwon, ta yi dariya ta ƙara mini alala kyauta. A ganye aka naɗe alalar, kuma ta fi ta leda ƙamshi nesa ba kusa ba. Na tuna yadda a da goro ke zuwa mana cikin ganyen fita, tsire a takarda, mace in za ta cefane ta ɗauki kwandonta ko ƙwaryarta. Yau ko attaruhun naira 50 ka saya sai an ƙulla maka a leda, wani lokaci biyu.

Da muka doshi Ibadan direba ya nuna mini hanyar kasuwar Sasa da haɓa. Ya ce, "Malam, tunda shara ka zo gani, ga inda shara ta ci rayuka." A Fabrairun 2021 ne. Abin da jaridu suka ruwaito shi ne tumatir ya zube wa wani ɗan dako a ƙofar shagon wata mata, aka yi cacar baki kan kwashewa, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya cika. Kafin a ankara an ƙona shaguna da gidaje, an rasa rayuka, Hausawa da Yarbawa da suka shekara da shekaru suna cin kasuwa guda suka zama abokan gaba. Sai da gwamnonin Kano da Kebbi da Neja da Zamfara suka je Ibadan. Ƙarshen watan dillalan abinci da dabbobi suka tsayar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, a Jebba ake tare motoci. 'Yan gwari da yawa suka koma Akinyele. Ruwa ba ya tsami banza, akwai tsohon miki a ƙasa, amma ashanar da ta kunna wutar ita ce tambayar da ake yi kullum a kowace kasuwa: wannan da ya zube, na wane ne?

Mun jira dare a Ogere, garejin manyan motoci da in ka rufe ido ka saurara sai ka rantse a Arewa kake. Daga nan Shagamu, Mowe, Ibafo, sai doguwar gada da kasuwar shanu ta Kara a ƙarƙashinta, bakin kogin Ogun. Muna wuce Berger muka doshi Ojota, wani wari mai nauyi ya shigo ta taga, ba irin na kwata ba, mai ɗan zaƙi-zaƙi da hayaƙi. Direba ya ce wannan ita ce sallamar Ikko, bolar Olusosun. Sha ɗaya ta wuce muka shiga layin motoci a kasuwar Mil 12.

Dillalin kawu ne ya tarbe ni, wani Alhaji mutumin Ɗanja da ya kusa shekara talatin a Legas, Yarbanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Ya riƙe hannuna yana tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da kakata da ta rasu shekara huɗu da suka wuce, ya tsaya ya yi mata addu'a. Ya kai ni ɗakin ɗansa a wajen Ketu, aka tashi yaron ya koma kwana a rumfa. Na yi ƙorafi, Alhaji ya ce, "Ɗan ƙanwar abokina ba ya kwana a kan buhu a garin da nake." Ɗaki ɗaya ne, bayan gida na haɗaka da gidaje takwas, amma hayarsa ta shekara ta kama gida sukutum mai tsakar gida a bayan garin Kano. Kwana uku da na yi ban sayi abinci da kuɗina ba. Da safe shayi da burodin Agege, da rana uwargidansa ta aiko da shinkafa da wake, da dare tuwon masara da miyar kuka, kukar ma daga gida ake aiko musu.

Washegari Alhamis, kuma Alhamis a kasuwannin Legas ranar shara ce. Daga bakwai na safe zuwa goma ba saye ba sayarwa. Na ga abin da ban taɓa gani a kasuwa a gida ba: manyan dillalai masu zoben azurfa sun naɗe ƙafar wando suna tsaye a kan yaransu, ana yashe kwata da shebur, ana tura baro, matan Yarbawa da tsintsiyar kwakwa suna share gaban tirensu. Wasu masu riga mai sheƙi suna zagayawa da littafi. Wanda aka samu gabansa da datti tara ce, in ya yi gardama a kulle rumfar. Ba gwamnati ce ke bin kowa ba. Kasuwar kashi-kashi take, 'yan tumatir, 'yan albasa, 'yan attaruhu, 'yan doya, kowane kashi da shugabansa da kuɗin sharar da yake tarawa. A wajen Yarbawa kuma akwai Iyaloja da Babaloja, uwar kasuwa da uban kasuwa, sarauta ce mai haƙori, maganarsu ba ta faɗuwa ƙasa.

Na tambayi Alhaji ko tsafta ce ta shige su haka. Ya yi murmushi ya ce tsoro ne. A Oktoban 2023 gwamnatin jiha ta garƙame Mil 12 saboda ƙazanta, bayan ta rufe Ladipo da Oyingbo makonni kaɗan kafin nan. Kwana uku aka yi kafin a buɗe. Ya ce motoci na layi a titi, kaya na narkewa a ciki, masu kaya na kuka da hawaye a waya. Ni dai a ganina rufe kasuwar gwari don ta yi datti kamar a ɗaure mai gudawa ne a ce sai ya warke za a kwance shi, tunda kayan da suka ruɓe a kwana ukun nan su ma bola suka tafi. Amma ba zan ƙi gaskiya ba, tun daga ranar kowane shugaban kashi ya san in kwata ta toshe, aljihunsa ne zai amsa tambaya.

Kada mai karatu ya ɗauka Mil 12 ta zama falon amarya. Ƙarfe goma na bugawa aka buɗe ciniki, kafin azahar ƙasa ta koma yadda take, santsi da ganyen kabeji da ɓawon albasa da jan ruwa. Dole ne. Motoci na sauke kaya dare da rana, kowace da irin ɗigon da na gani a Agaie. Wanda ke shara a nan kamar mai kwalfar rijiya ne da damina.

An sauke kayan kawu ina tsaye. Hawan sama lafiya lau, jajir, suna ƙyalli. Da aka zo na ƙasa sai na kau da kai. Alhaji ya sa yara suka zazzage, aka shiga tsinta. Nan na ga ashe ruɓaɓɓen ma matakai gare shi. Akwai fasasshe da Yarbawa ke kira esha, mata masu dafa abincin sayarwa na tsaye da robobi suna jiransa, rabin kuɗi ko ƙasa da haka. Likitoci na gargaɗi a kansa, amma wanda ke sayar da shinkafa da miya a farashin da lebura zai iya biya bai da zaɓi mai yawa. Wata dattijuwa ta taya kwando guda, na ce "Mama, ƙara dai," ta dube ni ta ce da Alhaji cikin Hausarta mai daɗi, "Wannan yaro naka sabo ne." Ganyen kabeji da na karas masu kiwo ke kwasa. Sai abin da ya rage, wanda ya zama kunu, da karyayyun kwanduna da takarda da igiya da leda, duk a haɗe. Shi ne ba mai so. Masu baro su kai shi matattara, motar LAWMA, hukumar kwashe sharar jihar, ko ta 'yan kwangilarta, ta zo ta danne ta tafi da shi.

Ran Juma'a bayan masallaci na bi shi. Wani yaro mutumin Gezawa da ke jari-bola ya kai ni gefen Olusosun. Tun 1992 ake zuba shara a nan, lokacin wurin bayan gari ne. Yau gari ya kewaye shi, fili ne na kimanin hekta 40 da ya zama dutse, motoci na hawa kansa kamar tururuwa. LAWMA ta ce Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 kowace rana, kusan rabinta kuma abin da ke ruɓewa ne. A Maris ɗin 2018 bolar ta kama da wuta, hayaƙi ya rufe unguwannin kewaye kwana da kwanaki, don ruɓaɓɓen abu in an binne shi ba iska yakan haifar da iskar gas mai kamawa. Da yawa daga masu tsinta a bolar 'yan Arewa ne, kowa da ƙugiyarsa ta ƙarfe da buhu a kafaɗa. Mota na juye kaya za su rufa mata. Gwangwani, goran ruwa, ƙarfe, tagulla, kwali, tsohon takalmi, kowanne da farashinsa a kilo da dilan da ke jiransa a ƙasa. Na tambayi yaron, to kayan gwarin fa? Ya ce, "Yaya, wa zai saya?"

Tambayar ta bi ni har gida, don na san lokacin da ake saye. Ina yaro, da rani, jakuna ke fita ta ƙofofin Kano da mangala cike da shara da toka da kashin awaki zuwa gonakin karkara, su dawo da itace da kara. Manomi har roƙo yake a bar masa jujin unguwa. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Bayero, ya yi rubutu mai yawa kan yadda wannan takin ya sa ƙasar kewayen Kano ke ciyar da ɗimbin jama'a ana noma ta kowace shekara ba hutu. Birni na ci daga gona, gona na ci daga birni. Har gobe akwai masu sayen tifar shara su zuba a gona, sai dai yanzu rabinta leda ce da batir da fasasshen gilashi. In ka bi gonakin bakin gari da rani za ka ga leda ta yi musu fure baƙi da fari, mahauta kuma na ciro ta dunƙule-dunƙule daga tumbin shanu. Ga buhun takin zamani ya haura naira dubu 30. Ƙarfin ƙasar Kadawa muke lodawa a tirela, wani kaso nasa ya ƙare a Ojota yana hayaƙi, mu kuma mu ci bashi mu sayi na buhu.

Legas ta gwada wasu dabaru. A kasuwar 'ya'yan itace ta Ikosi, nan kusa da Ketu, an taɓa kafa ɗan injin da ke juya ruɓaɓɓen kankana da abarba ya zama gas ya ba da wuta. A Janairun 2024 jihar ta haramta farin mazubin abincin nan mai kamar kumfa da ke toshe kwatoci. Ta kuma yi kuskuren da mu ma muka yi daga baya: a 2017 ta ɗauke aikin daga hannun ƙananan 'yan kwangila ta damƙa wa babban kamfani guda, shara ta cika tituna, aka dawo da tsohon tsari. Kano ta bi wannan hanyar a 2021, ita ma ba a je ko'ina ba aka warware, aiki ya koma hannun REMASAB, hukumar kwashe sharar jihar. Muna da tsaftar ƙarshen wata, gadon zamanin Buhari da Idiagbon, muna da tarihin duba-gari da kakanninmu ke ɓoye tulu in sun hango hularsa. Amma sau ɗaya a wata ina zai kai wa kasuwar Yankaba ko 'Yan Lemo, inda kaya ke ruɓewa kowace awa? Mun ga yadda ruwa ya shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ya jiƙa dilolin atamfa, bayan an toshe masa hanya da gini da shara. Kuma kusan kowace kasuwa tamu ana karɓar kuɗin shara. Wanda ya ci ladan kuturu ai ya san sauran zancen.

Asabar da yamma Alhaji ya raka ni tasha, ya cusa mini burodi uku da ledar goro na kawu, ya hana ni biyan kuɗin ɗan dako. Doguwar bas na hau, naira dubu 35, kwana ɗaya da wuni muna hanya.

Kawu na zaune a zaure na miƙa masa takardar Alhaji. Kwando 41 sun tafi a kan dubu 22, guda 13 a kan dubu 10, shida an zubar. Ya yi lissafi da yatsu, ya cire kuɗin saye da na mota, ya cire la'ada da dako da kuɗin shara da na kwandunan kansu, abin da ya rage bai kai kuɗin motar da na dawo da ita ba. Bai tayar da zancen ƙazanta ba, ni ma ban tayar ba. Na dai ce masa na ga wasu a Mil 12 suna sauke tumatir a akwatunan roba masu cin kilo 25, waɗanda ake jerawa ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, kuma da ƙyar ake tsintar fasasshe a ciki.

"Na san su, har haya ake bayarwa," in ji shi. "Kwando in ya isa Ikko an gama da shi. Roba kuwa sai ta dawo, kuma fanko za ta dawo. Wa zai biya mata kuɗin mota, ni ko Alhaji ko direba?"

Ran Talata ya sake loda kwando 80.